Za a iya ɗora wa MS 381 sarƙar .404? Amsa ga mai yankan itace daga Ngaundere

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar yankan itace da tsaga katako a wajen Ngaundere. Injina na yankan itace Stihl MS 381 ne, lam ɗinsa, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, santimita 63. Sarƙata ta ƙare, na shiga kasuwa, mai shago ya ce irin tawa ta yanke amma ga ta injin Stihl 070, ai sarƙa sarƙa ce, wannan ma ta fi ƙarfi. Ya gwada da tsawon tsohuwar, ya yanko ya haɗa mini. Ta zauna a ramin lam daram, amma da na tada inji sai ƙara da tsalle, sarƙar tana ta saki, ban gama gungume ɗaya ba haƙoran pinyo, wato faifan da ke jan sarƙa, suka yi tabo. Na je wani shago, shi kuma ya ce ba a taɓa canza wa inji irin sarƙar da ya zo da ita. Maganar wa zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin komai, cire wannan sarƙar ka ajiye, kada ka sake tada inji da ita ko da na gwaji ne. Sarƙar da ba ta zauna a pinyo ba tana iya tsinkewa ko ta zame tana cikin gudu, kuma hannunka na dama da cinyarka ne mafi kusa da ita.

Masu shagon nan biyu duk ba su faɗa maka daidai ba. Ana canza wa inji tazarar sarƙa, amma ba sarƙar kaɗai ake canzawa ba.

Kowace sarƙa tana da awo uku. Na farko tazara, wadda za ka ga an rubuta "pas" a kwalin da ke da Faransanci. Ana auna ta ne daga tsakiyar ƙusa ɗaya zuwa tsakiyar ta uku, a raba biyu. Injinka ya fito da 3/8 na inci, wato milimita 9.32 a lissafin Stihl. Ta 070 kuwa .404 ce, milimita 10.26. Na biyu kaurin ƙafar sarƙa, wato ƙananan harsunan nan na ƙasa da ke gudu cikin ramin lam: akwai 1.1, da 1.3, da 1.5, da 1.6. Na uku yawan ƙafafun. Abin da ya ruɗe ka, ya kuma ruɗi mai shagon, shi ne na biyun. Sarƙar 070 da ta MS 381 yawanci duk kaurinsu 1.6 ne, shi ya sa ta shige ramin lam ba gardama. Shiga rami kuwa shaidar kauri ce kawai, ba ta ce komai game da tazara ba.

Duba abin da ke faruwa a ƙarƙashin murfi. Pinyonka haƙora bakwai gare shi, an yanka su ne don ƙafa ta faɗo kowane milimita 18.6, wato ninki biyu na tazara. Sarƙar .404 tana kawo ƙafa kowane milimita 20.5. Ƙafa ta farko za ta faɗa gurbinta, ta biyu ta goce da kusan milimita biyu, ta uku ta hau kan haƙori. Tsallen da ka ji ke nan, sakin ma daga nan yake, domin sarƙar ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba balle ɗaurinta ya tsaya. Duk mai babur a Garwa ko Marwa ya san ba a ɗora sarƙar wani babur a kan pinyon da ba nata ba. Haka abin yake a nan, sai dai wannan sarƙar wuƙaƙe take ɗauke da su.

In za a canza tazara, abu uku ne ke tafiya tare: sarƙa, da pinyo, da hancin lam. Pinyo iri biyu ne. Akwai wanda haƙoransa ke manne da kwanon kuloci, shi sai an canza kwanon gaba ɗaya. Akwai kuma mai zobe, wanda zoben ke zarewa shi kaɗai, an buga tazararsa da yawan haƙoransa a jikinsa, misali 3/8-7 ko 404-7. Mai zobe ya fi sauƙin canji, in dai ramin tsakiyar sabon zoben ya dace da kwanonka, don shi ma girma-girma ne. Sai lam. Ɗaga hancinsa ka duba: in akwai ƙaramin tauraro mai juyawa a ciki, to shi ma tazara ɗaya ya sani, kuma ina jin tsoron sarƙar nan ta riga ta taɓa shi. Juya shi da yatsa, in yana cijewa ko haƙoransa sun yi kaifi sun lanƙwashe, ya tashi aiki. In kuwa lam ɗinka mai dunƙulallen hanci ne wanda ba shi da tauraro, irin wanda Stihl ke kira Duromatic, babu ruwansa da tazara, kauri kawai yake nema. Masu 070 da yawa irinsa suke riƙewa saboda yana jure ƙura da yashi.

To, ya kamata ka koma .404 ɗin? A ganina a'a, kuma ba na shakka a kan wannan. MS 381 sisi (cc, awon girman inji) 72 ne. 070 kuwa ya haura sisi 105, inji ne mai nauyi wanda ba ya gudu sosai amma yana da ja, don irinsa aka yi .404. Haƙorinta ya fi faɗi, hanyar da take buɗewa a itace ta fi girma, saboda haka kowane yanka yana cin ƙarfi fiye da na 3/8. Ga kuma wani lissafi da ba a cika yi ba: pinyo mai haƙora bakwai na 3/8 yana jan sarƙa kusan santimita 13 a juyi ɗaya, na .404 yana jan sama da 14. Ka ƙara wa inji kaya ta fuska biyu ke nan. A itace mai laushi ba lalle ka ji ba. Amma ka sa shi a busasshiyar kirya ko marke, ko ka kwantar da maɗaci kana tsagawa a tsaye, za ka ji muryarsa ta faɗi, kuloci ya fara zamewa yana zafi, mai yana ƙonewa aiki bai tafi ba. Kai da kake tsaga katako ma, kowane layi da ka ja, faɗin hanyar nan garin katako yake zama. Gaskiyar mai shagon ɗaya ce, .404 ta fi ƙarfe a jiki kuma tana jure wahala. Wanda ke riƙe da MS 660 mai sisi 91 da dogon lam yana iya zaɓar wadda ya ga dama cikin biyun. Naka ya fi jin daɗin 3/8.

Saboda haka abin da za ka saya shi ne sarƙar 3/8, kauri 1.6, da sabon pinyo 3/8-7. Lam ɗin Stihl na santimita 63 ƙafa 84 yake ɗauka a 3/8, amma kada ka tsaya a maganata, duba gindin lam wajen da yake shiga inji, an buga tazara da kauri da yawan ƙafa a wurin. In rubutun ya goge, ƙirga na tsohuwar sarƙarka. Kada ka ɗora sabuwar sarƙa a pinyon da ya yi tabo, cikin 'yan kwanaki zai lalata mata ƙafafu. Ƙa'idar Stihl ita ce a canza pinyo bayan sarƙa biyu, ko da zarar zurfin cin da ke jikinsa ya wuce rabin milimita. Wajen mayar da kwano, shafa ɗan giris a ƙaramin boris ɗin ciki, ka kuma tabbata yankan da ke bakin kwanon ya kama wayar da ke juya famfon mai. In bai kama ba inji zai tashi lafiya, sarƙa kuwa ta yi ta gudu a bushe. Duba kuma ɗan ƙarfen nan da ke ƙasan murfi mai tare sarƙa in ta zame, mutane da yawa nasu ya karye tuntuni ba su mayar ba.

Magagari ma yana bin tazara: mai kaurin milimita 5.2 na 3/8 ɗin Stihl, 5.5 na .404, 4.8 na wata tazarar da ake kira .325.

Game da masu shago, ba na ɗaukar yawancinsu macuta. Shago ɗaya ne ke sayar da janareta da injin ban-ruwa da famfon feshi da injin yanka itace, yaron da ke tsaye a kanta kuwa bai taɓa kayar da ko darbejiya ba. Tsawo ya sani, da tsawo yake sayarwa. Tsawon da ƙafa 84 ke bayarwa a 3/8, ƙafa wajen 76 ne a .404, ka ga a ido sarƙoƙin biyu kansu ɗaya. Gardama da shi ba za ta kai ka ko'ina ba, faɗin sunan inji kaɗai ma bai isa ba. Tafi da tsohuwar sarƙa da pinyo da lam a buhu, da lambobin nan uku a rubuce. Kafin ya yanka, shimfiɗa tsohuwar kusa da sabuwar a kan kanta, ka daidaita ƙafa ta farko, ka bi su da ido. In 3/8 ce da .404, a ƙafa ta goma sun rabu da sama da santimita ɗaya da rabi, shi da kansa zai gani ba sai ka ɗaga murya ba. Sannan ɗauki zoben ka naɗa sarƙar a kansa da hannu, kowace ƙafa ta faɗa gurbinta ba tare da an danna ba.

Sarƙar Stihl tana faɗin kanta ga wanda ya san inda zai duba. A ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori akwai lamba: 2 tana nufin .325, 3 tana nufin 3/8, 4 kuma .404. Lambar da ke jikin ƙafa ta kauri ce, 6 na nufin 1.6, 5 na nufin 1.5, 3 na nufin 1.3. In ka ga 6 a gaban haƙori, wannan 3/8 ƙarama ce da suke kira Picco, ta ƙananan injuna irin MS 180. Nan ma ana yawan faɗawa, don a kwali duk 3/8 aka rubuta, alhali jikinta ƙarami ne, ba ta injinka ba ce. Tunda jabu ya yi yawa a kasuwa, lamba ba ta hana gwaji da hannu.

Ƙirga ƙafafun a gabansa kafin ya haɗa, kuma ka ce ya haɗa da sabon mahaɗi na tazarar sarƙar, ba tsohuwar ƙusa da aka daddake da guduma ba. Wurin haɗin ya riƙa lanƙwasuwa kamar sauran gaɓoɓin, in ya ƙage a nan za ta tsinke. Ku yi magana tun kafin kuɗi su fita cewa in ba ta hau ba za ka dawo da ita. In kuma saƙo za ka yi daga Yawunde ko Duwala, ɗauki hoton rubutun gindin lam da na zoben ka tura ta WhatsApp, kada ka tsaya a "ta 381".

Sarƙar .404 da ke hannunka kada ka jefar. In ƙafafunta ba su daddauje ba, mai 070 zai iya ƙara mata gaɓoɓi ta kai tsawon lam ɗinsa, sai dai ka gaya masa ta hau pinyon da ba nata ba, ya duba ta ƙafa-ƙafa kafin ya biya.