Amsar tambaya kan inda ake binne shara mai guba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ɗan'uwanmu da ya tambaya ɗazu, wai me ake dubawa kafin a ware wurin zubar da shara mai guba, irin ta masana'antu da ragowar sinadarai, to ga ɗan abin da zan ce, ku yi haƙuri maganar za ta ɗan ja.

Babban abin da ake tsoro shi ne ruwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda rijiya da burtsatse ke janyowa. Idan guba ta kai can, to aiki ya ɓaci, sai a shekara goma ana fama ba a tsabtace shi ba. Shi ya sa ake neman ƙasa mai yumɓu wadda ruwa ba ya ratsawa da sauƙi, kuma ruwan ya yi nisa sosai. A haƙa rami, a daɓe yumɓu, a shimfiɗa leda mai kauri ninki biyu, a jera bututu a ƙasa don tara ruwan da ke tsatsowa daga sharar. Sannan a tona ƙananan rijiyoyi kewaye da wurin, lokaci-lokaci a ɗebi ruwansu a auna. Ba a zuwa fadama, ba a zuwa inda ambaliya ke ci ko inda ƙasa ke girgiza. A Jamus ma, a Herfa-Neurode, tun 1972 cikin tsohon ramin haƙar gishiri suke ajiye tasu, don da ruwa na shiga wurin da gishirin ya narke tuntuni.

Akwai kuma maganar hanyar manyan motoci, da arhar fili, da inda iska ke kaɗawa idan ƙona sharar za a yi.

To amma 'yan uwa, wannan duk a takarda ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, sau da yawa wurin da ake zaɓa shi ne inda mutanensa ba su da bakin magana. Ku dubi gundumar Warren a jihar North Carolina ta Amurka. A 1982 gwamnatin jihar ta kwaso ƙasar da wani sinadari mai guba da ake kira PCB ya gurɓata a gefen tituna, ta kai ta can ta binne, alhali ruwan ƙasa a wurin a kusa yake, ga shi yawancin mazauna baƙar fata ne talakawa. Mutane suka kwanta a kan titi gaban motocin, aka kama sama da 500, duk da haka aka zuba. Sai a 2003 aka gama tsabtace wurin. A 1987 kuma cocin United Church of Christ ya fitar da bincike da ya nuna cewa a Amurka launin fatar mazauna unguwa ya fi komai nuna inda za a samu irin waɗannan wurare.

Tsakanin ƙasashe ma haka ne. A 1988 aka gano dubban duro na shara daga Italiya jibge a wani fili a Koko, Najeriya, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Irin wannan ne ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe a 1989, sai ta Bamako a 1991 wadda ta haramta shigo da ita Afirka.

Ni ban ce kada a gina ba, dole sharar nan ta sami wurin zuwa, wadda aka watsar a daji da dare ta fi illa. Amma in an zo wa jama'a da batun, su tambaya: mita nawa ne zuwa ruwa? Wa zai riƙa auna rijiyoyin, kamfanin da kansa ko wani daban? In an rufe ramin, wa zai ci gaba da kula? Dokar Amurka ta ɗora wa mai wurin shekara 30 bayan rufewa, alhali dalma da makamantanta ba sa ruɓewa ko bayan shekara ɗari.

Wanda ya fi ni sanin fannin ya ƙara mana. Wassalamu alaikum.