Matar da ta shayar da babanki a tsohon asibitin haihuwa

Assalamu alaikum ɗiyata. Ina gaishe ki, ina gaida mamanki da ƙannenki.

Saƙonki ya same ni. Kin ce kin ji mata suna zancen a wurin biki, wai wata baƙuwa ce ta fara shayar da babanki, Allah ya jiƙansa, a tsohon asibitin haihuwa na garinmu. Kin je wurin kin tarar an mai da shi ɗakin ajiyar taki, babu wanda ya san inda littattafansa suka shiga. Kina tambaya ko zancen gaskiya ne, ko a al'adarmu mutanen nan danginmu ne, da kuma ta inda za a bi a nemo su.

Gaskiya ne, a gabana aka yi. Lokacin na isa aike, ni nake kai abinci.

Mu duka a gida aka haife mu, babanki kaɗai ne ɗan asibiti. A zamanin nan mace ba ta zuwa asibiti don haihuwa sai abu ya gagara. Cikin fari, tun yana wata bakwai ake mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, sauran kuwa a ɗakinta take haihuwa, ta durƙusa ba tare da an ji muryarta ba, don kuka a naƙuda abin gori ne har ga 'ya'yanta. Ungozoma ma sau da yawa sai an haihu ake kiranta, ta yanke cibi, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya. To cikin babanki sai ya zo da gardama. Inna ta kwana ta wuni tana abu ɗaya, an sha rubutu, an sha jiƙo, shiru. Tsofaffi suka fara maganar a yi mata yankan gishiri. Kawunmu da yake aiki a En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, shi ya tsaya kai da fata ya ce ba za a sa mata aska ba, a kai ta wurin ungozomar asibiti. Allah ya saka masa. Na ga matan da wannan yankan ya bari da yoyon fitsari, miji ya gudu, dangi suna toshe hanci. Baba ya amince da ƙyar, bayan an tabbatar masa mace ce za ta duba ta. Aka ɗauke ta a kan asabari bayan sallar isha'i, an lulluɓe ta da zane don kada unguwa ta gani.

Asibitin ba wani babba ba ne, na En'en Zazzau ne. Ɗaki ɗaya dogo mai rufin kwano, gadajen ƙarfe a jere da shimfiɗar roba, sai ƙaramin ɗakin karɓar haihuwa a ƙurya. Tun daga bakin ƙofa warin Izal, maganin kashe ƙwayoyin cuta, yake tarbar mutum. Akwai ma'auni mai kwano da ake ɗora jarirai, mu yara muna leƙe muna mamakin yadda ake auna mutum. Ungozomar tana da farar riga da ɗan agogo maƙale a ƙirji, ga babban littafi mai baƙin bango a kan teburinta. In haihuwa ta fi ƙarfinta sai a nemi mota a wuce da mace Zariya, ko babban asibitin Tudun Wada, wanda ya zama na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello kafin a koma Shika, ko kuma na mishan da ke Wusasa. Inna ba ta kai ga haka ba, kafin asuba ta sauka.

Sai dai ta sauka da zazzaɓi mai zafi, ba ta san wanda ke kanta ba, nono kuma bai zo ba. A gida wannan ba zai tada hankalin kowa da wuri ba, don a lokacin ba a ba jariri ruwan nonon farko. Dakashi ake ce masa, a matse a zubar, har akan tatsa a jefa tururuwa a ciki, in ta mutu a ce nonon mugu ne sai an yi magani. Yanzu likitoci sun nuna mana wannan da muke zubarwa shi ne ya fi amfani ga yaro. Amma babanki ya zo a galabaice, kukansa ma ba ya fita sosai. A gadon da ke kusa da na Inna akwai wata Banufiya, matar wani ma'aikacin reluwe, ta riga Inna haihuwa da kwana ɗaya, ta sami mace. Ba ta tambayi kowa ba. Ta miƙo hannu ta ce da kakarmu, cikin Hausarta mai karye-karye, a ba ta shi. Na gan ta da idona zaune a bakin gado, tata a dama, namu a hagu, tana cin tuwon da na kawo wa Inna da ba ta iya ci. Haka ta yi ta yi har jikin Inna ya yi sauƙi aka sallame su.

Kakarmu kuwa abin da ya dame ta daban ne. Ta kafe ba za a bar mabiyiyar jikanta a asibiti ba. Ta karɓe ta a cikin ƙaramar tukunya, ta rufe da faifai, ta kai gida, aka wanke aka binne a bayan ɗakin Inna, inda aka binne namu. Saboda haka in ana maganar inda aka binne cibiyar babanki, gidanmu ne, ba wancan ɗakin takin ba.

Kin tambaya ko danginmu ne. Wannan ya wuce al'ada, hukuncin addini ne, al'ada ta bi bayansa. A Suratun Nisa'i, aya ta 23, an lissafa uwayen da suka shayar da mutum da 'yan'uwansa mata na shan nono cikin waɗanda aure ya haramta da su. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma ba a ƙidaya yawan sha. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa abin da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyun farko yana haramtawa, ko tsotso ɗaya ne. Wasu mazhabobin suna cewa sai an sha sau biyar, amma babanki ya wuce wannan lissafin ko ta wane gefe aka duba. Matar nan uwarsa ce, mijinta ubansa ne na shayarwa. Duk 'ya'yanta, na gaba da na baya, 'yan'uwansa ne, har da waɗanda mijin ya haifa da wata matar. A wurinki baffanni ne da goggonni, babu aure tsakaninki da ɗanta ko ɗan mijinta, haka ƙannenki maza da 'ya'yanta mata. Jikokinta kuwa matsayin 'ya'yan baffa suke, da aure a tsakani. Ni abin bai hau kaina ba, tunda ban sha ba. Gado kuma babu, nono ba ya kawo gado. In kina son ƙarin bayani ki sami malami, amma ginshiƙin ke nan.

Kada ki ɗauka ɓoye muku aka yi. Irin wannan magana a bakin tsofaffin mata take zama, ba a fito da ita sai ranar da ake bukata. In an zo neman aure, kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, sai an koma cikin gida an tambayi kakanni ko yaran nan sun taɓa haɗa nono. Tsarin ya yi aiki muddin kowa yana aure a unguwarsu. Yanzu da kuke haɗuwa a jami'a da wurin bautar ƙasa, tsofaffin kuma suna ta tafiya, ni abin yana ba ni tsoro. Shi ya sa na ji daɗin tambayarki.

Kuma an riƙe zumuncin da farko. Ranar sunan babanki an kai mata cinyar rago da goro, ranar sunan tata Inna ta aika da turmin atamfa tunda tana jego ba ta fita. Da Inna ta gama wanka, gidan matar ta fara zuwa yawon arba'in. Wankan jegon nan ma, ki bar shi kawai. Tafasasshen ruwa safe da yamma da ganyen darbejiya, kunun kanwa kwano guda, a kwanta a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi rubutu tun shekarun 1970 kan yadda kanwa da zafin nan suke jawo wa masu jego ciwon zuciya da kumburi, mu kuwa muna cewa sanyi ne ya shige su, a ƙara wuta. Allah ya sa Inna ta tsallake. Da Sallah akan ɗauki babanki a kai shi gaida uwarsa, ta ba shi sisi da ƙuli-ƙuli. Kafin ya shiga makaranta aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa layin Gusau da Kaura Namoda. Babu waya, Inna ba ta rubutu, ita ma haka. Saƙo ya zo ta hannun masu jirgi na ɗan lokaci, daga baya ya ɗauke.

Batun nema, ki rage sa rai da littafin asibiti. A 1976 aka yi gyaran da ya kawo ƙananan hukumomi, kayan En'e suka koma hannunsu, daga baya aka gina sabon asibiti aka rufe wancan. Ki tambaya a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ba laifi, akwai kuma gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, ko da yake abin da ya fi yawa a can takardun mulki ne. Amma ko an ɗora miki littafin a cinya ba za ki ga sunan babanki ba. Jariri ba shi da suna sai ranar bakwai, lokacin an riga an koma gida. Abin da ake rubutawa sunan uwa ne, da na miji, da unguwa, da namiji ne ko mace. Sunan uwar ma ba lallai na yanka ba ne. Kakarmu ce ta ba da na Inna, ita kuwa ba ta faɗin sunan surukarta tunda sunan uwar ita kakar tamu ne, sai ta ba da na rana. Ki duba yawan Ladi da Talatu da Asabe da za a samu a littafi ɗaya.

Ranar haihuwar da ke takardun babanki ita ma kada ki bi ta. Hedimasta ne ya ƙiyasta ranar da aka kai shi firamare, aka sa ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunne, daga baya ya je kotu ya yi takardar rantsuwar shekaru a kan wannan ƙiyasin. Ga lissafin gaskiya. An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966, cikin azumi, Inna tana da ƙaramin ciki. An haifi babanki a daminar wannan shekarar, bayan Mauludi, gero ya fara fitar da kai, ana ta zancen Gowon ya hau mulki a rediyo. Watan Agusta ke nan. 'Yar matar nan ta girme shi da kwana ɗaya, in tana raye shekarunta ke nan.

Mutane za ki bi. Ki fara da gidan tsohuwar ungozomar unguwarmu, ita ta rasu amma 'yarta ta gaji aikin, kuma tare suke yawo tun tana yarinya. Daga nan gidan wanzamai. Wanzamin da ya yi wa babanki askin suna ya cire masa beli, shi ya yi wa yarinyar, don a mako ɗaya aka yi sunayen, kuma wanzamai ba sa manta gidan da suka ci rago. Sai mai unguwar wajen tasha, inda gidajen ma'aikatan reluwe suke. A Zariya ki nemi tsofaffin 'yan fansho na reluwe, sun san juna daga nan har ƙarshen layi, ki ce musu Banufe mai duba layin dogo da aka mayar Gusau ko Kaura wajen ƙarshen yaƙin basasa. In kin sami garin, ki tambayi shugaban Nufawan wurin, duk inda suke da yawa suna da babba. Sunan da muke kiranta da shi da laƙabin mijinta zan faɗa miki a waya, ba zan rubuta su a nan ba.

Na san ku, kafin a ce haka har kin sa a Facebook ana ta yaɗawa. Kada ki yi. Wataƙila 'ya'yanta ba su san zancen ba, wataƙila a gidansu akwai wanda ba zai so a ji uwarsa a bakin duniya ba. Gwajin jinin da kuke yayi shi ma ba ya nuna nono. Kuma kada ki tafi ke kaɗai. Ki ɗauki baffanki ƙarami, magana irin wannan namiji babba ne yake buɗe ta a zaure, ke ki shiga wajen mata. Ki riƙe goro da turmin atamfa da hoton babanki. In kun tarar da ita da rai, ki durƙusa ki gaishe ta da Kaka, ki yi mata ta'aziyyar ɗanta, don ba ta ji ba. In ta riga mu gidan gaskiya, ku yi mata addu'a, ki rubuto sunayen 'ya'yanta da na 'ya'yan mijinta duka, maza da mata, da garuruwan da suke aure, ki ba kowane ƙanenki kwafi.

Ki gaida mamanki, ki ce mata ina nan tafe bayan Sallah in ƙafar ta bar ni.

Goggonki.