Masu aikin rabin lokaci: me ya sa alƙaluman ƙasa ɗaya suke saɓa wa juna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin tattalin arziki, furojet ɗina a kan masu aikin rabin lokaci ne, ina so in kwatanta ƙasashe kamar biyar daga 2000 zuwa yau. To na duba Holan a 2019, wani tebur ya ce kusan kashi 50 cikin ɗari na ma'aikata, wani kuma ya ce 37, kaina ya ɗaure. Dan Allah wanne zan ɗauka? Kuma ƙasar da ta fi yawansu ita ce ta fi fama da rashin aikin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Duka biyun daidai ne, mudun awon ne ba ɗaya ba. Na 37 ɗin na OECD ne, wato ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, su a wajensu sai wanda yake yin ƙasa da awa 30 a sati a babban aikinsa. Na 50 kuma na Eurostat ne, ofishin ƙididdiga na Tarayyar Turai, wanda a yawancin ƙasashe shi ma'aikacin ake tambaya ya faɗa da bakinsa, amma a Holan a lokacin awa 35 aka sa iyaka. To a can akwai mutane da yawa masu aikin kwana huɗu a sati, ki ɗauki nas da take awa 32 ta huta ran Laraba saboda yara, teburin Eurostat ya ƙirga ta na OECD bai ƙirga ta ba, shi ke nan tazarar ta fito. Amurka da Ostareliya awa 35 suke bi, Kanada 30, don haka in kika ɗauko adadin kowace ƙasa daga ofishin ƙididdigarta kika jera, gaskiya ba ki kwatanta komai ba. Ki zaɓi tebur ɗaya ki tsaya a kansa, ni dai da na OECD zan yi aiki tunda iyakarsa ɗaya ce ga kowa.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa rami ma shi ne wajen bin shekaru. A 2021 Tarayyar Turai ta sauya tsarin binciken ma'aikata, adadin Holan ya yi ƙasa sosai a shekara ɗaya, ba wai mutane sun kwana sun tashi sun koma cikakken aiki ba ne, tambayar ce ta canza. Ki lura da ɗan harafin b da Eurostat take maƙalawa a gefen lamba, yana nufin layin ya yanke a nan, kar ki haɗa gabansa da bayansa kamar abu ɗaya. Mu ma a gida an yi haka ai, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta ce rashin aikin yi kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, da ta koma tsarin ILO, ƙungiyar ƙwadago ta duniya, inda aikin awa ɗaya a sati ma aiki ne sai ga 4.1 a farkon 2023, aka yi ta cece-kuce.

Tambayarki ta biyu kuwa, a'a. Holan, duk da yawan masu aikin rabin lokacin da take da su, tana cikin masu ƙarancin marasa aikin yi a Turai. Aikin rabin lokaci a can ya yi ƙarfi ne bayan yarjejeniyar Wassenaar ta 1982 tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni, mata suka yi ta shiga aiki ta wannan ƙofa, har ya kai, a awon Eurostat na kafin 2021, kusan uku cikin huɗu na mata ma'aikata rabin lokaci suke yi, kuma galibi da son ransu, da hutunsu da fanshonsu. Bulgeriya kuma wajen kashi 2 kacal ne, ba don sun fi kowa wadata ba, albashin ne ba ya isa a raba shi biyu. Sifen da Girka da Italiya bayan rikicin kuɗi na 2008 adadin ya hau, amma fiye da rabin masu yi sun ce dole ce ta sa, cikakken suka nema ba su samu ba. Jamus ma nata daban, tun gyaran doka na 2003 ake da ƙananan ayyukan da suke kira Minijob, da iyakar albashi Yuro 400 a wata, daga baya aka ɗaga zuwa 450 a 2013.

Saboda haka ki ƙara layi biyu a teburinki, na maza da mata daban, da na waɗanda ba da son ransu ba. Kuma ki yi hattara da 2020, a wasu wuraren kason ya sauka lokacin korona ne kawai saboda masu aiki a gidajen abinci da shaguna su aka fara sallama. In malaminki ya ce sai kin sa Nijeriya, ki ware mata babi nata, don mai sayar da kati ko ɗan acaɓa ba shi da takardar ɗaukar aiki da ta yanka masa awanni.