Kafin ka nemi alƙalamin likita

Ɗana, jiya da muka tashi daga aiki ka tare ni a bakin ƙofa ka ce: "Malam, likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci, mu masana halayyar ɗan Adam kuma mu ne muke zama awa guda muna sauraron majinyaci. Me zai hana a bar mu mu rubuta magani, yadda ake yi a Amurka?" Na ce ka bari in huta. To ga amsarka.

Abin da ka ji gaskiya ne, amma rabi aka ba ka. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta fara gwada abin daga 1991 zuwa 1997, kuma mutum 10 kacal ta yaye. Jihar Niyu Meksiko ta kafa doka a 2002, don jiha ce mai faɗi, garuruwanta nesa da juna, sai mutum ya sha doguwar tafiya kafin ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Luwiziyana ta biyo baya a 2004, wasu 'yan jihohi suka bi, har zuwa Kolorado a 2023 da Yuta a 2024. Mafi yawan jihohin ba su yarda ba har yau, ƙungiyoyin likitoci kuma suna adawa da abin. Ko a Niyu Meksikon, bayan digirin digirgir sai ka zauna aji awa 450 kana koyon jikin mutum da aikin magani, ka yi awa 400 kana duba majinyata aƙalla 100 a gaban likita, ka ci jarrabawa, sannan ka yi shekara biyu ana sa maka ido. Wato sai da suka mayar da su ɗalibai daga tushe.

Bari in gaya maka dalili daga abin kunyar da ya same ni. Ina sabon shiga aiki aka turo mini wata mata: faɗuwar gaba, zufa, rawar hannu, rashin barci, ga rama. Na ce fargaba ce. Mako shida ina koya mata jan numfashi, ina tonon zamanta da kishiya. Ran nan wani likita ya leƙo neman fayil, ya kama hannunta ya ƙirga bugun jini, ya shafa wuyanta, ya ce a kai ta gwajin jini. Ciwon tayirod ne, dangin maƙoƙo. Da alƙalami na hannuna a lokacin, da na ɗora ta kan maganin damuwa ina ganin na yi gwaninta, cuta tana can tana cin ta.

Akwai kuma wani saurayi da aka kawo daga ƙauye, wuya ya karkace, harshe waje, idanu sun kafe sama. Uwarsa na kuka wai iska ce, an kwana ana masa ruƙiyya. Ni da takarduna ina tsaye sororo. Wata tsohuwar nas ce ta ce a miƙo mata ledar maganinsa. Haloperidol ne, wani maganin ƙwaƙwalwa, wani mai kemis ya ba shi saboda ba ya barci, shi ne ya karkata masa wuya. Likita ya sa aka yi masa allura, kafin la'asar yaro yana shan kunu. Maganin ƙwaƙwalwa ba a kai kaɗai yake tsayawa ba. Lithium yana son gwajin jini da lafiyayyar ƙoda, kuma a zafin Afrilu, idan ruwan jiki ya ƙafe, sai ya taru ya zama guba. Amitriptyline mai arha ɗin nan, idan mai niyyar halaka kansa ya haɗiye da yawa, zuciya yake tsayarwa. Valproate yana nakasa ɗan tayi. Wanne daga ciki aka koya maka a jami'a?

Kada ka ɗauka ina ƙin abin. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 200 zuwa 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Mutum ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko Dawanau ko Barnawa, ya karɓi maganin wata ɗaya, wata na biyu babu akuya. Wanda ya ga haka ba zai ce a bar komai yadda yake ba. Idan aka shirya mana horo mai tsauri irin nasu, ni zan goyi baya. Sai dai lasisi ba ya kai mutum ƙauye. Mu ma a birni muke cunkushe, kuma ba mu da yawa. Hanyar da na fi ganin kusancinta ita ce shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008: a horar da nas-nas da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, waɗanda dama suna zaune cikin jama'a, sun iya awon jini, su riƙa ba da 'yan magunguna kaɗan ƙarƙashin kulawar likita. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ita ma a takarda ta tsaya sai an zuba kuɗi.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma daban ne. Mutanenmu ƙwaya da allura suke so. Wanda ya fita babu leda gani yake ba a duba shi ba. Ranar da layi ya san kana rubuta magani, awa gudan nan da kake taƙama da ita za ta koma minti biyar.

Ranar Litinin ka zo da wuri. Duk wanda ya zauna a gabanka, ka ce ya zazzage ledar maganinsa a kan tebur, har da na gargajiya da na kemis, ka rubuta sunan kowanne da yadda yake sha. Mace kuma ka tambaye ta, cikin ladabi, ko tana da juna biyu ko tana shayarwa. Da azahar ka kawo mini takardar, mu je wurin likita tare.