Me ya sa ruwan jarka ya fi na famfo tsada?

Malam, ka tambaya me ya sa mai sayen ruwa a jarka yake kashe kuɗi fiye da mai famfo a gida. Ba ruwan kaɗai kake biya ba. Kana biyan man janareton mai burtsatse, da hayar kura, da gumin ɗan ga-ruwa da ya turo ta har ƙofar gidanka. Haka talakawan Kibera a Nairobi suke fama, duk da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ruwa a matsayin haƙƙin ɗan Adam tun 2010.

A layinmu sai da muka yi karo-karo muka sa wa burtsatsenmu sola kafin jarka ta sauko. Amma fa ku ware kuɗin gyara tun farko, don namu ya taɓa yin wata biyu a lalace.