Mai ciwon ƙoda zai iya cin gyaɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana fama da ciwon ƙoda, an ce ya kai mataki na 3, amma ba a fara masa wankin ƙoda ba. Dattijo ne mai son gyaɗa, kullum da la'asar sai an sayo masa. 'Yan'uwa sun ce a hana shi gaba ɗaya. Haka ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Baba lafiya. Kada ku yi saurin hana shi, ku fara ɗauko takardar gwajin jininsa. Abin da ake tsoro a gyaɗa shi ne fotasiyam da fosforas, sinadarai biyu da ƙoda mai rauni ke kasa fitarwa yadda ya kamata. Fotasiyam idan ya taru yana rikita bugun zuciya, fosforas kuma yana raunana ƙashi, yana sa ƙaiƙayi. Sai dai a mataki na 3, mutane da yawa fotasiyam ɗinsu yana nan daidai, tsakanin 3.5 da 5.0. In na Baba haka yake, ɗan tafin hannu ɗaya, wajen giram 28, ba zai dame shi ba. Wannan awon yana ɗauke da fotasiyam kusan miligiram 200, fosforas kuma ɗan sama da 100, kuma jiki ba ya tsotse fosforas na tsiro duka, saɓanin wanda ake zubawa a lemon kola, wanda kusan dukansa ke shiga jini.

Inda nake ganin ana tuntuɓe shi ne gyaɗar da ba a lissafa ta. Ƙuli-ƙuli an matse mansa, don haka sinadaran sun fi cunkushewa a cikinsa, ga gishiri. Ana daka shi a yajin tsire, ana zuba shi a kwaɗon zogale. In an sha kunun gyaɗa da safe, da dare kuma aka yi miyar gyaɗa, to ta la'asar ta zama ta uku. A zaɓi ɗaya a yini. Gyaɗar kuma a soya ta a gida ba gishiri, domin gishiri yana tayar da hawan jini, hawan jini kuma shi ke ƙara cin ƙodar. Wadda ta yi fumfuna a zubar, gubarta tana illata hanta. Kashu ya fi gyaɗa fosforas, kada a ɗauka shi ne mafita.

Ki duba magungunansa. Magungunan hawan jini irin su lisinopril, losartan da spironolactone duk suna riƙe fotasiyam a jiki, haka ma gishirin da ake tallata wa masu hawan jini, don yawanci da fotasiyam aka haɗa shi. In gwaji ya nuna fotasiyam ɗinsa ya haura 5.0, a ajiye gyaɗar har sai likitansa ya sake dubawa. In kuwa ya ji kasala mai tsanani ko zuciyarsa tana tsallake bugu, a kai shi asibiti a ranar.