Amsa kan tarihin tseren Daytona 500

Malam, ka tambayi yadda gasar tseren motoci ta Daytona 500 ta faro da abin da ya ɗaukaka ta.

Kafin 1959, a bakin tekun Daytona da ke jihar Fulorida ta Amurka ake tseren, wani ɓangare kan rairayi, wani kan titi. Bill France, wanda ya kafa NASCAR, ƙungiyar da ke shirya tseren, ya gina fili, aka yi gasar farko a Fabrairun 1959. An ƙare kusa da kusa, sai bayan kwana uku ana nazarin hotuna aka tabbatar Lee Petty ne ya ci. Ɗansa Richard ya lashe ta sau 7. Zagaye 200 ake yi, wato mil 500.

A ganina, 2001 ce shekarar da ta fi muhimmanci. Shahararren direba Dale Earnhardt ya rasu a haɗari a zagayen ƙarshe, abin da ya girgiza kowa, daga nan aka wajabta wa direbobi na'urar kare kai da wuya.

Ka kula, mutane kan rikita ta da Indy 500, wata gasar tseren motoci a Amurka, alhali motocin can tayoyinsu a fili suke. Kuma Daytona 500 ba ita ce mafi daɗewa a gasannin NASCAR ba, gasar Southern 500 ta fara tun 1950. In rubutun bincike za ka yi, tuntuɓi gidan tarihin NASCAR da ke birnin Charlotte a Amurka.